Tantabarun Baba

Da aka sayar da gidanmu na unguwar Muciya a Sabon Gari, yayana ya ɗauki rediyon Baba da agogon bango, ƙanena ya ɗauki keken da ko taya ba shi da ita, ni kuwa na ɗauki tantabaru biyu da wani tsohon gwangwanin madara. Matar yayana ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe har yanzu ban girma ba. Ban tanka mata ba, don da na buɗe baki ran nan da sai an kira dattawan coci sun raba mu.

A da tantabarun Baba suna da yawa. Tun da ya bar aikin reluwe ya mayar da bangon tsakar gidanmu unguwarsu, ya kafe tukwane a jere ƙarƙashin kwanon rufi, kowace tukunya da masu ita. In la'asar ta yi sai ya zuba gero a gwangwanin nan ya girgiza, ka ga suna saukowa ta ko'ina. Da ciwo ya kwantar da shi aka yi ta yanka masa 'yan shila ana farfesu, wasu ya bayar kyauta, wasu suka bi na maƙwabta, har ya rage saura tsohon namiji guda mai ruwan toka da matarsa fara mai ɗigon ja a baya. Ni na yi jinyar Baba har ya rasu. Ban yi aure ba, masu tambayar dalili ma sun gaji sun ƙyale ni, saboda haka ni ce mai juya shi a gado, ni ce mai dama masa kunu, ni ce mai girgiza gwangwani. Ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwantawa ba 'yan'uwana suka ce gida ya tsufa, ga mai saye ya fito, wani mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ranar da na fita ƙofar gidan na rantse a gaban kowa cewa ƙafata ba za ta ƙara taka Muciya ba. Tun ina yarinya bakina ya fi hankalina sauri.

Na kama ciki da falo a Samaru, kusa da firamaren da nake koyarwa. A kwando na kawo tantabarun, na lulluɓe shi da tsohon zane don kada hayaniyar mota ta firgita su. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, yawancinsu na ɗaliban jami'a, masu magana rabi Hausa rabi Turanci. Suna ce mini Anti, suna ba ni hanya a bakin rijiya, iyakarta ke nan. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, kowace kwana da mai laima da teburi ana layin bugawa, nakan wuce in kalli layin in rasa wanda zan kira. Babba a gidan ban da ni sai wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da kowa ke kira Mama, tana aikin jinya a asibiti a Shika. In tana aikin dare ta yini tana barci, in tana na rana ta dawo a gajiye.

Kafinta ya haɗa mini keji na katako da ragar waya a bayan ɗakina, na sa musu tukunya a ciki irin ta gida. Dokar Baba kan sabuwar tantabara na san ta kamar addu'ar cin abinci, don na ji ya faɗa wa duk wanda ya zo neman iri. A fige mata dogayen gashin fiffike, a jefa 'yar kanwa a ruwan shanta, a rufe ta. In gashin ya tsiro a sake figewa. "Amma da zarar ta ƙyanƙyashe," in ji shi, "ka buɗe mata ƙofa ka je ka yi barcinka. Tantabara ba ta barin 'ya'yanta." Yakan kuma ce ƙwai biyu take yi, wa da ƙanwa, su ne za su zama miji da mata in sun girma, don haka mai 'yan shila biyu rayayyu ya riga ya yi garke. Ko kullum haka ne, ban taɓa bincikawa ba. Abin da na sani shi ne tsohon nan ya tsufa ƙwarai, kuma su biyun ne kaɗai abu mai rai da ya rage mini daga gidan ubana. In suka mutu ko suka tafi ba su bar baya ba, irin tantabarun Baba ya ƙare, kuma a hannuna ya ƙare.

Na fige su ina kau da kai. Tsohon bai ko motsa ba, ya dai zuba mini jan idonsa. Watanni suka yi suna fushi da ni, ba sa taɓa gero sai na bar wurin. Ni ma ba wani ci nake ba. Ga wadda ta saba dafa wa mutum biyu, girkin mutum ɗaya wulaƙanci ne, sai in dafa shinkafa ta kwana ta yini tana kallona. In na dawo daga makaranta nakan ja kujera 'yar tsugunno gaban kejin in ba su labarin yaran ajina, in yi gulmar matar yayana son raina. Da asuba kuwa, in tsohon ya fara kukan nan nasa na cikin maƙogwaro, kafin in buɗe ido nakan ɗauka a Muciya nake, har in kasa kunne in ji tarin Baba. Kewa ta ci ni a shekarar nan, ba kaɗan ba.

Sai da damina ta yi nisa na ga tsohon yana ɗaukar tsinken da ya faɗa kejin yana kaiwa tukunya. Na karya masa sabuwar tsintsiyata na zuba, na kuma daina figar su. Ba da daɗewa ba ƙwai biyu suka bayyana. Lokacin dogon hutu ne, makarantarmu a rufe, ɗalibai sun watse garuruwansu, Samaru ta zama kamar kasuwa bayan an tashi. Kwandastoci suna kiran Sabon Gari a bakin titi har murya ta dushe mota ba ta cika ba. A gidanmu ƙofofi duk da kwaɗo sai tawa da ta Mama. Aikina ya koma kallon kwanci, a nan kuma na lura da abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba, ashe rabon aiki suke yi. Da hantsi tsohon zai zo bakin tukunya ya yi 'yar murya, matar ta tashi ta miƙe ƙafa, shi ya hau ƙwai ya zauna har la'asar, sannan ta karɓe shi ta kwana. Ko ruwa ake ko rana, bai taɓa makara ba. Na ce masa da maza duka haka suke, da wataƙila na yi aure.

Wata safiya na tarar da ɓawon ƙwai a ƙasan keji, washegari na tarar da na biyu. Duk wanda ya ce ɗan tantabara kyakkyawa ne ranar da ya fito, bai taɓa gani ba. 'Yan tsoka ne jajaye, ido a rufe, baki ya fi kai, ga wani gashi rawaya jefi-jefi kamar gemun masara. Amma na tsuguna gabansu har ƙafata ta sage. Uwar da uban duka suna ciyar da su. Ɗan zai cusa bakinsa cikin na babba, babban ya yi ta amayo masa wani farin abu mai kauri, har 'yar jakar da ke ƙasan wuyansa ta cika fam. Na farkon ya fito da ƙarfinsa. Ta biyun, wadda na yanke hukuncin ita ce ƙanwar, da kwana ɗaya kawai ya girme ta, amma tun daga nan ta kasa kamo shi.

Na zama baiwarsu. Na tsoma ƙafafun kejin cikin gwangwanayen kananzir saboda kwarkwasa, na rataya buhu ta gefen da feshin ruwa ke shigowa, ina sauya ruwan sha safe da yamma, ina haɗa wa iyayen gero da dawa da dakakken ɓawon ƙwai. Akwai wata kyanwar maƙwabta da muka ƙulla gaba da ita, har takalmina ɗaya ya tafi bayan katanga ta dalilinta.

Da suka yi kamar mako guda, idanu sun buɗe, tsinin gashi ya fara fitowa, na ce to, lokacin maganar Baba ya yi. Fiffiken iyayen ya cika, ga tausayinsu da nake ji. Da safe bayan ruwa ya ɗauke na buɗe ƙofar kejin na koma gefe. Uwar tana kan 'ya'ya, ba ta tashi ba. Tsohon ya leƙo, ya sauka ƙasa, ya yi 'yan taku, ya hau kwano. Ya karkaɗe jiki, ya dubi gabas ya dubi yamma. Sai ya tashi yana tafa fiffike, ya zaga gidan, ya ƙara sama ya sake zagawa, sannan ya miƙe wajen Kwangila, hanyar Sabon Gari, kamar wanda aka aika.

Na ɗauko gwangwani na girgiza har hannuna ya gaji. Hantsi ya yi, lokacin karɓar aikinsa, uwar ta fito bakin tukunya tana dube-dube, ta koma. La'asar ta yi, magariba ta yi. Na rufe keji a kan uwa da 'ya'yanta na shiga ɗaki. Na san inda ya tafi, tun kafin ya ɓace mini a sama na sani.

Uwar ta yi iya ƙoƙarinta, amma aikin biyu ne ya koma kan ɗaya. In ta zo ciyarwa, babban ya tattake ƙaramar ya cusa baki ya shanye, ita ta samu saura ko ta rasa. Uwar kuma ta rage ci, tana yini tana zarya a jikin raga tana kira. Ga marka ta sauka, sanyi yana ratsa buhu. Cikin 'yan kwanaki babban ya ninka ƙaramar, ita kuwa jakar wuyanta ta zama fata zalla.

Mama ta same ni a tsugune ina ƙoƙarin ɗura mata koko da cokali, duk ya ɓata mata hanci. Ta ce cokali shaƙe ta zai yi. Ta ɗebo mini acca cikin wadda aka aiko mata daga gida, ta ce in jiƙa da ruwan ɗumi, ƙwayarta ƙanana ce za ta wuce. Yadda ake bayarwa kuwa na taɓa ganin Baba yana yi ina yarinya, har nakan ce ƙazanta ce in gudu. Akan guntsi jiƙaƙƙen hatsin, a kama ɗan shilan a sa bakinsa tsakanin leɓɓa, a riƙa turo masa da harshe a hankali. Ni da nake korar yara daga aji su je su wanke hannu, sai ga ni zaune a bakin ƙofa da bakin tsuntsu cikin nawa. Bakinta da taushi, tana rawar jiki tana zuƙa. Kafin kowace ciyarwa nakan girgiza gwangwani, don haka Baba yake yi, kuma don shirun gidan ya yi yawa.

Ta ɗan ci, amma ba ta ƙaru ba. Wata safiya na ɗauke ta na ji ta yi sanyi, kanta yana lanƙwashewa, kukan ma sai na kai ta kunne nake ji. Na cusa ta cikin rigata a ƙirji, na ɗaure zane a kai. Mama ta dawo daga aikin dare ta gan ni haka, ta ajiye jakarta. Ta san labarin rantsuwata, don ba sau ɗaya na ba ta shi ba.

"Malama," ta ce, "ai kin san inda ubansu yake."

Na ce a gaban mutane na rantse.

"Mutanen suna ina yanzu?"

Yayana yana Kaduna, ƙanena yana Jos, ba wanda ke tuna abin da na faɗa a ƙofar gida. Ni kaɗai nake gadin rantsuwar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki kwandon da na kawo su a ciki, na fita da ƙaramar a ƙirjina, don na san in na bar ta ba zan tarar da ita ba.

A bas ɗin Sabon Gari ta yi ɗan motsi, wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni da Turancin buroka ko mene ne a rigata. Na ce mata 'yata ce. Ta matsa can jikin taga, har muka wuce Kwangila ba ta sake kallona ba. Daga tasha na hau acaɓa. Muciya tana nan yadda na bar ta, abin har ya ba ni haushi, mai ƙosai a inda take, kwatar da ke cika in an yi ruwa ta cika. An shafa wa gidanmu koren fenti, an sa ƙofar ƙarfe. Na tsaya a ƙofar da na girma ina shiga kai tsaye, na yi sallama.

Wadda ta amsa wata tsohuwar Hajiya ce da carbi a hannu, mahaifiyar wanda ya sayi gidan. Na fara dogon bayanin da na tsara a mota, ta katse ni.

"Ke ce 'yar mai gidan nan? Shigo, 'yata. Baƙonmu kika biyo."

An shafe tsakar gida da siminti, ɗakin Baba ya zama ma'ajiyar atamfa. Tukwanen bango duk an sauke su, sai guda ɗaya can ƙarshe da ta kafu ta ƙi fita. Ta tsohon namijin nan ce, a cikinta aka ƙyanƙyashe shi, a cikinta ya yi ta ƙyanƙyashe nasa. Yana ciki, ya baje ƙirji ya kwanta irin na mai kwanci, babu komai a ƙarƙashinsa sai tsofaffin tsinke.

Hajiya ta ce tun ranar da ya sauka take watsa masa gero. Jikokinta sun so kama shi ta hana, don tsuntsun da ya shigo gida da kansa baƙo ne, ba a yanka baƙo. Abin da ya ɗaure mata kai, in ji ta, kullum da hantsi sai ya shiga tukunyar nan ya kwanta, ba ya fitowa sai an kira la'asar, sannan ya hau kwano ya yi ta kira. Ta ɗauka ciwo ne.

Na ce ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi.

Ina tsaye idona ya kai kan katanga, wurin da Baba yakan ɗora kwando. Duk sabuwar tantabarar da ya kawo, bayan figa da kanwa, yakan kife ta da kwando mai manyan idanu a can sama, ta yini tana kallon unguwa, kwanaki a jere. Ni na ɗauka rana yake ba su su sha. Bai taɓa sa wannan cikin dokarsa ba, hannunsa kawai ke yi. Ni kuwa na kai tsohon nan Samaru a lulluɓe, na ajiye shi watanni a bayan ɗaki inda ba ya ganin komai sai katanga. Da ya tashi sama bai ga ko rufi ɗaya da ya sani ba, hanya ɗaya ce a kansa, ita ya bi. Ashe maganar Baba tana nan, bai bar 'ya'yansa ba, hanyar komawa wurinsu ce bai sani ba.

Hajiya ta sa aka kife mini turmi na taka. Na ciro ƙaramar daga rigata na tura ta a hankali ƙarƙashin ƙirjinsa. Ya mare ni da fiffike, ya kai wa hannuna sara, sannan ya miƙe ya leƙa ƙasansa. Na shirya ɗauke ta, don namijin tantabara yakan kashe ɗan da bai yarda da shi ba. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya gyara ƙafafu ya sauka a kanta ya rufe ta ruf.

Muka zauna a tabarma ni da Hajiya. Ta sa aka damo mini fura, na sha a tsakar gidanmu ina baƙuwa. Ta yi mini gaisuwar Baba, ta ce har yanzu maƙwabta suna zancen kirkinsa. Ban yi kuka ranar jana'iza ba don ni ce mai sallamar baƙi, ban yi ba ranar da aka sayar da gida don fushi ya tare hanya. A kan tabarmar nan na yi shi. Ba ta hana ni ba, ta dai ce sabo ake yi wa kuka, ta ci gaba da jan carbinta.

Can bayan azahar muka ji ɗan siririn kuka daga tukunya. Na hau turmi. Ɗumi ya dawo da ita, ta ɗago kai tana laluben bakinsa, shi kuma ya buɗe ya karɓe ta. Ban sauko ba sai da na ga jakar wuyanta ta tasa.

Hajiya ta ce in kawo uwar da ɗayan su zauna a nan tunda nan ne gidansu, ni kuma ƙofa a buɗe take duk ranar da na so ganinsu. Maganar kirki ce, wataƙila ma ita ce daidai.

Na ce, "Hajiya, in na bar su a nan, ni wa zan tarar a can?"

Da la'asar ta taya ni muka sa su a kwando, uba da 'ya. Wannan karon ban lulluɓe shi ba.

Uwar ta tarbe shi da sara da faɗa kamar kowace mace mai hankali, sannan suka hau sosa wa juna wuya. Na kasa sake fige shi, na dai rufe ƙofa. Washegari da hantsi ya shiga tukunya ya karɓi aikinsa kamar jiya ya bari. Ni kuma in lokacin ciyarwa ya yi sai in cire babban in riƙe shi har ƙaramar ta ƙoshi, sannan in mayar. Na ari tsani a wurin kafinta, duk ranar da ruwa ya ɗauke in kife su da kwando a kan kwano, iyayen da farko, daga baya har 'ya'yan da suka yi gashi. Ɗalibai suka fara dawowa suka tarar da Anti a saman tsani ta ci ɗamara, ina jin dariyarsu ƙasa-ƙasa ban kula ba.

Ƙaramar ta rayu. Ta fito fara irin uwarta da ɗan ruwan toka a wuya, ta fi wanta ƙanƙanta, ta kuma fi shi masifa. In na girgiza gwangwani ita ce ta farko a jikin raga.

Tantabarar da ba ta tashi kaza ce. Da kaka ta gabato 'ya'yan suka fara dukan raga da fiffike, na san ranar ta zo, na yi ta ɗagawa yau gobe, har Mama ta ce in ba zan buɗe ba in kawo ta yi mana farfesu. Tsorona ɗaya ne. Tsohon ya ga Samaru yanzu, amma ya fi sanin Muciya. In ya miƙe matarsa za ta bi shi, 'ya'ya kuma bayan iyaye suke bi.

Wata Asabar da yamma na buɗe, bayan na hana su ci tun safe. Mama ta fito ta tsaya a ƙofarta. Duka huɗun suka hau kwano suka ɗan yi shawagi. Sai tsohon ya tashi, matarsa ta bi, babban ya bi, ƙaramar a ƙarshe tana kokawa da iska. Suka zaga gidan, suka ƙara sama suka zaga, har suka zama 'yan ɗigo. Sai na ga ya miƙe wajen Kwangila, su ukun a bayansa.

Na ɗaga gwangwanin Baba da hannu biyu sama da kaina na girgiza. Tsohon ya fi kowa sanin ƙarar nan, da ita ya girma, amma bai ko karkata ba. Ban ji haushinsa ba. Da ni ce mai fiffike, da tuni ina gabansa.

Ina cikin girgizawa na ga ɗigon ƙarshe ya ja baya, ya yi kamar ya tsaya, ya karkato. Can sai na kusa da shi ya biyo shi. Biyun gaba suka ci gaba har na daina ganinsu. Na san inda za su kwana, na kuma san akwai mai watsa musu gero. Ban sauke hannu ba sai da na ji ƙarar farata a kan kwanona. Ƙaramar ce ta fara sauka, ta zame, ta kama bakin kwanon da ƙyar, ta diro kafaɗata tana haki, ta cusa baki a gefen leɓena tana neman acca.

"To, Malama," in ji Mama, "ga masu gida sun dawo."

Na juye musu geron duka a ƙasa, na bar ƙofar kejin a buɗe.